Yadda ake gano matsalar wayar jakar iska a motar lantarki, a kuma gyara ta

A farkon hunturun bara wani Alhaji mai shagon atamfa a Kasuwar Dole ta Damagaram ya shigo garejina da farar motar lantarki, Nissan Leaf. Ban ji shigowarsa ba sai da ya yi sallama, don motar ba ta da kukan inji. Ya nuna mini gaban direba ya ce, "Malam, wannan jar fitila mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa ita ta hana ni sakat. Watannin baya an kashe mini ita, ga shi ta dawo."

Jin "an kashe mini ita" ya sa gabana ya faɗi. Na tura kujerarsa baya, na kwanta da tocila na leƙa ƙarƙashi. Fulogin jakar iska ruwan ɗorawa a cire yake, an cusa masa ɗan rizisto, wato ƙaramin abin da ke sa mota ta ɗauka jakar tana jone, an naɗe da baƙin salatif. Zafin bazara ya narkar da gam ɗin salatif, riziston ya saki, shi ya sa fitilar ta dawo. Tun ranar da aka yi wannan aikin, jakar iskar da ke gefen kujerar ba ta haɗe da komai, shi kuwa kullum yana kai yara makaranta, ranar Lahadi ya leƙa kasuwar Mirriya, hankalinsa kwance.

Motocin lantarki ba su yi yawa a Damagaram ba tukuna, amma sun fara shigowa, kuma akasari na hannu ne da suka sha hanya daga tashar jirgin ruwa. Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwana masu gyaran wutar mota da yaran da ke koyo a hannunmu.

Abin da fitilar take faɗa

Jakar iska, wadda muke cewa eyabag a gareji, tana da ƙwaƙwalwarta daban. A yawancin motoci an ɗaure ta da kusoshi a jikin bodi, tsakanin kujerun gaba, ƙarƙashin robar da ke kusa da giya. Daga gare ta wayoyi biyu-biyu suke fita zuwa kowace jaka: ta sitiyari, ta gaban fasinja, ta gefen kujeru, ta labulen rufi, da kuma abin da ke fizgar bel lokacin karo. A ƙarshen kowane layi akwai ɗan siririn zare kwance cikin sinadari mai kama da albarushi. Idan wuta mai ƙarfi ta bi zaren sai ya yi zafi, sinadarin ya kama, jakar ta cika cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Muddin mota tana kunne, ƙwaƙwalwar tana tura 'yar wuta kaɗan cikin kowane layi tana auna turjiyarsa. Zaren nan yana da turjiya ta kimanin om 2 zuwa 3 (om shi ne ma'aunin turjiya). Idan adadin ya hau, ta san waya ta tsinke ko fulogi ya yi sako-sako. Idan ya faɗi ƙasa, wayoyin biyu sun taɓa juna. Sai ta kunna fitila ta ajiye lambar da ke nuna matsalar. A Nissan lafiyayya fitilar tana kamawa kamar daƙiƙa 7 bayan an kunna mota, sannan ta mutu. Wadda ta zauna, ko take ƙyaftawa, ko ba ta kama ba sam, duk akwai magana. Ka kula da ta ƙarshen nan sosai idan za ka duba wa wani motar da zai saya, domin akwai masu toshe fitilar daga baya.

A motar lantarki ƙwaƙwalwar jakar iska tana da ƙarin aiki. Idan an yi karo ita ce take ba da labari a yanke wutar babban batir, ko ta hanyar buɗe manyan rile, wato makunnan da ke haɗa layinsa, ko, a wasu motocin, ta fasa wani fis na musamman da ke yanke layin gaba ɗaya. Babban batirin Leaf yana ɗauke da kimanin volt 360. Saboda haka wanda ya wasa da wannan tsari ya taɓa lafiyar direba, ya kuma taɓa ta mutanen da za su rugo su ciro shi daga mota.

Launi biyu za ka riƙe a ka. Ruwan ɗorawa na jakar iska ne. Ruwan goro, masu kauri, na babban batir ne, kuma babu abin da zai kai hannunka gare su a wannan aikin. Kada ka ja su, kada ka jingina ƙarfe a kansu, kada ka huda ƙasan mota da dirila don a Leaf batirin yana nan shimfiɗe ƙarƙashin kujeru.

Kafin ka ɗauki sifana

Fara da tambayar mai mota, ka saurara da kyau. Yaushe fitilar ta fara? An cire kujeru wajen wanki ko wajen mai ɗinkin kujera? An sauya rediyo? Ta shiga ruwa a watan Agusta? Hon yana yi? Maɓallan da ke jikin sitiyari suna aiki? Rabin aikin yana cikin amsoshin nan. Idan an cire kujera aka kunna mota fulogi a cire, lamba za ta zauna ko da an mayar da shi daidai. Idan hon ya mutu tare da maɓallan sitiyari, ka riga ka san inda za ka dosa.

Daga nan auna ƙaramin batir, mai volt 12. Mutane da yawa suna mantawa motar lantarki tana da shi, alhali shi ke ciyar da duk ƙwaƙwalen mota. Mota a kashe ya kamata ka ga wajen 12.4 zuwa 12.6. Idan ta nuna READY ya hau sama da 13. Zafin garin nan yana cin batir da wuri, kuma batir mai rauni yana haifar da lambobin ƙarya iri-iri. Duba kawunansa, idan sun yi farin gishiri ka goge ka ɗaure.

Sai ka jona sikana, na'urar da ke karanta lambobin da mota ta ajiye. Ƙananan nan masu arha da ke karanta inji kawai ba sa shiga ɗakin jakar iska, kana buƙatar irin Launch ko Autel mai shiga kowane sashe, kuma ga Leaf manhajar LeafSpy Pro ma tana karanta lambobin. Ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin ka goge komai. Yara suna da saurin danna gogewa, daga nan shaida ta tafi.

Lambobin suna farawa da harafin B. A tsarin da sababbin motoci ke bi, B0001 jakar sitiyari ce, B0010 ta gaban fasinja, B0020 ta gefen hagu, B0028 ta gefen dama. Lambobi biyu da ke biyo baya su ke faɗin irin cutar: 13 layi ya yanke, 11 waya ta taɓa bodi, 12 ta taɓa wuta, 1A turjiya ta yi ƙasa, 1B ta yi sama. Tsofaffin Nissan suna da nasu lambobin da ke farawa da B1, sai ka karanta bayanin da sikana ta rubuta a gefe. Duba kuma ko lambar ta yanzu ce ko ta baya. Ta baya tana nufin matsalar tana zuwa tana tafiya, wato akwai wurin da yake motsi.

Idan sikanarka tana nuna turjiyar kowane layi kai tsaye, ka yi sa'a. Sa yaro ya riƙe ta yana kallo, kai kuma ka tura kujera gaba da baya, ka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama. Inda adadin ya yi tsalle, nan ɓarawon yake. A wannan gwajin kada ka kai fuskarka kusa da sitiyari ko gefen kujera.

Kashe motar, kashewa ta gaskiya

Nan ne motar lantarki ta bambanta da wadda muka saba. Shirunta ba ya nufin a kashe take. Leaf tana iya farkawa da kanta ta yi wa ƙaramin batir caji daga babban, kuma a lokacin ko ka cire kan batir akwai wuta a layin. Tsarin da Nissan ta shimfiɗa shi ne: zare wayar caji daga hancin mota, kunna ta ka sake kashewa, fita ka rufe ƙofofi duka, ka tabbata fitilun caji da ke saman dashbod ba sa ƙyaftawa, ka jira minti 5, sannan ka cire kan ƙaramin batir na ragi, mai alamar (−), kuma kada ka bari awa guda ta wuce kafin ka cire. Ka buɗe bonet tun farko, ka sauke gilashi ɗaya, ka ajiye makulli nesa da motar. Idan kujerar ta lantarki ce, tura ta inda kake so tun da wuta.

Bayan ka cire kan da sifana 10, naɗe shi da tsumma kada ya koma ya taɓa. Sai ka jira aƙalla minti 3. Ƙwaƙwalwar jakar iska tana da ma'ajiyar wuta a cikinta domin ta iya fasa jaka ko da batir ya tarwatse a karo, wannan ma'ajiyar kake jira ta huce. Toyota daƙiƙa 90 take cewa, wasu kamfanonin sun fi haka. Ni minti 10 nake bayarwa, in sha shayi in dawo.

Da hunturu akwai ƙarin hattara. Iskar nan busasshiya tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda kan yi maka tsat idan ka taɓa ƙofar mota. Kafin ka kama fulogi ruwan ɗorawa, dafa ƙarfen bodi da tafin hannu. Rigar leda mai santsi ma ka cire ta.

Ƙarƙashin kujera

A abin da nake gani a garejina, nan matsala ta fi yawa. Kujera tana gaba tana baya, ana cusa takalma da gorar ruwa da jakar makaranta a ƙarƙashi, rairayi yana shiga ko'ina. Fulogin yana da makulli biyu: sai ka ɗaga ko ka ja ƙaramin kafin babban ya saki. Kada ka sa ƙarfi, kada ka ja ta waya. Haska cikinsa. Kana neman tsatsa mai kore, ƙafar da ta lanƙwashe, ko wadda ta nutse baya ba ta kai 'yar'uwarta tsawo ba. Fesa maganin wanke fulogi wanda yake bushewa da kansa, kada ka sa fetur ko man inji ko giris. Sannan bi wayar da yatsa daga fulogi har inda ta shige kafet.

A motar Alhaji a nan na sami matsalar. Maƙalin robar da ke riƙe wayar ya karye, wayar ta sauko kan layin ƙarfen da kujera ke gudu a kai, ya yi ta gogar ta har silin tagulla biyu ko uku kawai suka rage. Daga waje rigar wayar kamar lafiya lau, sai da na lanƙwasa ta a hankali na ga bakin tsagar. Idan ka ga kashin ɓera ko guntun soso a wurin, ɗaga kafet ɗin gaba ɗaya, ɓera ba ya cin wuri guda ya bari. Idan kuma soson ƙarƙashin kafet yana da danshi ko layin laka, ruwa ya kwanta a motar, sai ka duba fulogin ƙwaƙwalwar kanta.

Sitiyari

Bayan sitiyari akwai wani faifai da ke ɗauke da waya mai faɗi kamar zaren kaset, a naɗe, domin sitiyari ya juya ba tare da layin ya yanke ba. Ta cikinsa jakar direba da hon da maɓallai suke samun hanya. Yana tsinkewa da tsufa, ya fi kuma tsinkewa idan an yi aikin ƙafa aka kwance sandar sitiyari aka bar shi yana juyawa sakaka.

Daidaita tayoyi su kalli gaba sak kafin ka fara. Jakar sitiyari a wasu motoci kusoshi masu kan tauraro ke riƙe da ita, a wasu sifirin ne da ake turawa ta ƙananan ramuka a gefe. Idan ta fito, ɗaga makullin fulogin bayanta da ƙaramin sukundireba kafin ka zare. Ɗauke ta fuskarta tana kallon nesa da ƙirjinka, ka ajiye ta a inuwa, fuska sama, kada a ɗora mata komai. Idan aka kife ta ta fashe, ƙarfen bayanta ne zai tashi sama. Yi wa sitiyari da sandarsa alama da alli kafin ka zare shi.

Faifan ba a gyara shi, sauyawa ake yi. Sabo yana zuwa da ɗan maƙali da ke riƙe shi a tsakiya, kada ka cire sai ka ɗaura. Idan na hannu ne, juya shi a hankali har ya tsaya, ka ƙirga zagayensa duka zuwa ɗaya ƙarshen, ka dawo rabi. Yawanci duka-duka wajen zagaye 5 ne, rabin ya kama biyu da rabi, kuma akwai alamar da za ta haɗu. Wanda ya ɗaura shi a karkace, kwanar farko zai tsinka shi.

Raba gardama tsakanin waya da jaka

Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba a ɗora mita a kan jakar iska ko abin fizgar bel. Mita tana auna turjiya ne da wutar batirinta, kuma wannan wutar tana bi ta zaren da na ambata. Fitilar gwaji ta fi haɗari. Ko ma ka auna ba za ka sami gaskiya ba, domin a cikin fulogin akwai ɗan ƙarfe da ke haɗe ƙafafu biyu da zarar an cire shi, an sa shi ne don kada wutar jiki ta tayar da jakar.

Ga amfanin rizisto na halal. Mota a kashe, batir a cire, ka zare fulogin jakar, ka sa rizisto na om 2 zuwa 2.5 a ɓangaren da ke tafiya ƙwaƙwalwa. Ana sayar da wanda aka yi masa fulogi don wannan aiki, ya fi, domin cusa ƙafar rizisto tana buɗa bakin fulogi har ya daina kamawa. Mayar da batir, kowa ya fita daga mota, ka kunna ta taga, ka karanta. Idan lambar ta koma ta baya, waya lafiya, jakar ce ko guntun wayar da ke jikinta. Idan tana nan, laifin yana baya. A sitiyari sai ka maimaita a ƙasan faifai: idan lamba ta tafi a nan, faifan ne. Kowane zagaye ka sake kashewa, ka sake cire batir, ka sake jira. Gajiya a wannan wurin ita ke jawo hatsari.

Idan laifin yana cikin dogon layi, cire shi ta kai biyu, wajen jaka da wajen ƙwaƙwalwa, sannan mita ta shigo. Kowace waya daga kai zuwa kai kada ta kai om 1. Tsakanin waya da bodi kada mita ta nuna komai. Tsakanin wayoyin biyu ma haka, amma ka tuna fulogin ƙwaƙwalwa shi ma yakan zo da ɗan ƙarfen nan mai haɗewa, sai ka zura siririn roba ka raba su kafin ka yarda da abin da ka gani. Yayin da kake aunawa yaro ya riƙa motsa wayar gaɓa-gaɓa. Kada a huda rigar waya da allura. Ita kuma ƙwaƙwalwar, kada a taɓa ba ta wuta alhali kusoshinta a kwance suke, domin idan ta karkata tana iya ɗauka mota ce ta kife.

Gyaran kansa

Nissan ba ta yarda a yi wa wayar jakar iska faci ba, cewa take a sauya layin. Wasu kamfanonin sun yarda, da sharaɗin a yi amfani da guntun waya mai fulogi da suke sayarwa da kuma mahaɗin matsewa. Bi abin da kamfanin da ya ƙera motar ya ce. Ga Alhaji na nemo layin ƙarƙashin kujera daga wata Leaf da aka wargaza, ta hannun wani mai kawo mana kaya daga Kano, muka jira kwana shida. Ya so in ɗaura masa na wucin gadi, na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ka tafi da fitilar a kunne, ka san halin da kake ciki, ka ɗaura bel, ka rage gudu, har kayan su iso."

Inda aka halatta faci, ga yadda ake yi. Waya ta zama kauri ɗaya da ta asali. Yanke duk wurin da ya goge, ka sa mahaɗin ƙarfe ka matse da filayar da aka yi don haka, ka ja da hannu ka ji ya riƙe, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Facin wayoyin biyu kada su zo daidai da juna, ka gusa ɗaya da kamar yatsu uku. Wayoyin a murɗe suke zuwa kamar igiya, ka mayar da murɗin yadda yake. Kada ka yi faci a wurin da waya ke lanƙwasa idan kujera ta motsa. Murɗa tagulla da hannu a naɗe da salatif ba ya cikin lissafi, turjiyar da za ta ƙaru a wurin tana iya dawo da fitila, kuma ranar buƙata tana iya hana wuta isa. Zafin dalma kuwa kada ya kusanci layi alhali jaka tana jone.

Sannan gyara abin da ya jawo ɓarnar. Sabon maƙali, rigar roba a inda waya ke kusa da ƙarfe, a bar mata ɗan sakin da zai ishi kujera ta je ƙarshen gaba da ƙarshen baya ba tare da ta ja ba.

Idan motar ta taɓa karo har jaka ta fashe, magana ta wuce waya. Jakar da ta fashe, da bel ɗin da ya fizga, da fulogin da ya narke, da ƙwaƙwalwar da ta ajiye labarin karon, duk sauyawa ake. Ana kawo motocin da aka liƙe murfin sitiyari babu komai a ciki. Idan ka tarar da haka ka kira mai mota ya gani da idonsa.

Mayarwa da gwaji

Jona kowane fulogi har ka ji ƙas, ka danna makulli na biyu. Ɗaure kusoshin kujera da na sitiyari da kyau. Ƙirga rizistocinka, ka tabbata duk wanda ka fito da shi ya koma akwati. Kowa ya fita, ka mayar da kan batir, ka kunna daga waje. Goge lambobi, kashe, sake kunnawa, ka kalli fitilar ta kama ta mutu da kanta. Idan ka taɓa kujerar fasinja a motar da ke auna nauyin wanda ya zauna, a sake saita ma'aunin da sikana kujera babu kowa. Idan ka sauya faifan sitiyari, a saita ma'aunin kwana, in ba haka ba fitilar santsi za ta kama. Agogo da gilasan ƙofa ma sukan so saiti bayan cire batir.

Daga nan a fita da ita. Ni nakan bi kwalta ta wajen Birni, in sauka hanyar ƙasa mai gargada, in murɗa sitiyari har ƙarshe sau biyu, in tsaya in tura kujera gaba da baya, sannan in dawo in sake jona sikana. Motar Alhaji ta dawo babu lamba ko ɗaya, layin gefen hagu yana nuna daidai da na dama. Na ba shi tsohuwar wayar da riziston a cikin leda, na nuna masa inda ta goge, na roƙe shi ya hana yara cusa jakunkunansu ƙarƙashin kujera, ya kuma dawo bayan mako biyu in sake leƙawa.